Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Yi Mini Tambaya Kan Juyin Juya Halin Kuba

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka miƙe a gaban jama'a ranar lacca ka tambaye ni ko talauci ne ya haddasa juyin juya halin Kuba na 1959, ko kuwa 'yan gurguzu ne suka kitsa shi. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Talauci kaɗai bai isa hujja ba, domin a wancan zamani Kuba tana cikin ƙasashen Latin Amurka masu abin hannu, kuma maƙwabtanta da suka fi ta fatara ba su bi wannan hanya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne rabon arzikin. Ƙasar ta jingina ne kacokan da sukari, manyan gonakin rake kuwa suna hannun 'yan tsiraru da kamfanonin Amurka. Mai saran rake yakan sami aiki na wata uku zuwa huɗu lokacin girbi, sannan ya shiga abin da su kansu ke kira "mataccen lokaci", yana cin bashi a kantin mai gona har wani girbin ya zagayo. Ƙidayar 1953 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanen karkara ba su iya karatu ba, alhali a Habana, babban birnin ƙasar, gidajen caca suna cika dare da rana.

Amma a ganina abin da ya kunna wutar siyasa ce. Ranar 10 ga Maris 1952, saura 'yan watanni a yi zaɓen da ya hango ba zai ci ba, Fulgencio Batista ya ƙwace mulki da bakin bindiga, ya jingine tsarin mulkin 1940. Fidel Castro a lokacin matashin lauya ne mai neman kujerar majalisa, kuma kotu ya fara garzayawa. Sai da aka yi watsi da ƙararsa ya kai hari barikin sojoji na Monkada a Yulin 1953. Daga baya azabtarwa da kisan da 'yan sanda suka riƙa yi, musamman kashe Frank País, wani matashin jagoran 'yan tawayen Castro, a birnin Santiyago a 1957, suka sa ɗalibai da 'yan kasuwa da masu matsakaicin hali suka juya wa gwamnati baya. Ga kuma tsohon miki na katsalandan ɗin Amurka tun daga dokar Platt ta 1901, wadda ta ba Amurka damar tsoma baki a harkokin Kuba.

Batun gurguzu kuwa, ka tuna cewa jam'iyyar kwaminisancin Kuba ta taɓa riƙe muƙaman minista a gwamnatin Batista ta farko (1940 zuwa 1944), kuma ta yi jan ƙafa ƙwarai kafin ta mara wa mayaƙan Castro na dutsen Siyara Mayestira baya. Batista ya tsere ranar 1 ga Janairu 1959, amma Castro bai ayyana juyin a matsayin na gurguzu ba sai a Afrilun 1961.

Ka huta lafiya.