Ba kullum ne laifin netwok ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu haɗa kwamfutoci a ofisoshi da makarantu nan Kebbi. Yanzu an fara ajiye fayiloli a kan saba guda (babbar kwamfutar ajiya) a Birnin Kebbi, ma'aikatan Argungu ko Yauri ko Zuru suna buɗewa daga can. Da fayil ya maƙale sai a ce netwok ne, a ƙaro data ko a sayo sabuwar rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai, domin matsalar tana wani wuri dabam.

Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin a duniya ta raba na ƙarshen da ke hannunta. Shi ya sa kwamfutocin ofis ke zama da adireshin cikin gida irin su 192.168.1.20, idan za su fita intanet rauta ta musanya musu da guda ɗaya na waje. Wannan shi ne NAT. Rauta tana riƙe da lissafin wanda ya fita, in amsarsa ta dawo ta miƙa masa. Saƙon da ya zo ba wanda ya nema daga ciki kuwa, ba ta san mai shi ba, sai ta watsar.

To ina ruwan wannan da fayil? Tsarin NFS na buɗe fayil daga wata kwamfuta, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, shi ne da yawanmu ke amfani da shi a Linux. A siga ta 4.0 an kawo wata dabara: idan kai kaɗai ke buɗe fayil, saba za ta damƙa maka amanarsa, ka yi ta aiki a kwamfutarka ba sai kana tambayarta kowane motsi ba. Sharaɗin shi ne duk lokacin da wani ya nemi fayil ɗin, saba za ta kira ka ka maido. Kuma a 4.0 sabar ce da kanta ke buɗe sabon layi zuwa gare ka, a kan adireshin da kwamfutarka ta faɗa mata tun farko. Kwamfutar kuwa adireshin cikin gida ta sani, shi za ta faɗa. Kamar mutum ne ya ce ka same shi a ɗaki na uku, bai gaya maka gida ko unguwa ba.

Saba tana gwada kiran kafin ta ba da amanar. In bai shiga ba, sai ta hana, aiki ya ci gaba amma da nauyi, kowace buɗewa sai an je Birnin Kebbi an dawo. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi ɓata rai shi ne inda aka gaya wa saba adireshin waje, kira ya shiga da safe, a ba da amana, da rana a ɗauke wuta, rauta ta tashi da sabon adireshi. Wani ma'aikaci ya nemi fayil ɗin, saba ta yi ta kira shiru, shi kuma yana zaune yana kallon allo. Tana iya jira har wa'adin amanar ya cika, a Linux daƙiƙa 90 ne in ba a sauya ba. Minti ɗaya da rabi a gaban mai gida yana tsaye a kanka ba ƙaramin lokaci ba ne.

Na ga masu rubuta adireshin waje da hannu a clientaddr, wurin da kwamfuta ke faɗa wa saba adireshinta, sannan su buɗe ƙofa (port) a rauta don kiran ya shigo. Yana yi idan kwamfuta ɗaya ce. In sun kai goma, kowace sai da tata ƙofar. Idan kuma layin waya ne ke ba ofis intanet, ka duba adireshin da rauta ta samu: in ya fara da 100.64, akwai wata NAT ɗin a wajen kamfanin layin, wadda ba ka da iko da ita. (Dalilin da ya sa wasu ke kasa ganin kyamarar gidansu kai tsaye daga waje ke nan.)

Maganin ya daɗe da fitowa. Tun 2010 siga ta 4.1 ta sa saba ta riƙa mayar da kira ta cikin layin da kwamfutarka ta riga ta buɗe a ƙofa 2049, kuma rauta ta san wannan layin. Sanya vers=4.1 wajen haɗawa ya wadatar, muddin sabar ta iya. Masu SMB, tsarin raba fayil na Windows, dama haka nasu ke yi.

Abin da ba na so in ƙara gani shi ne a buɗe ƙofa 2049 ga duk duniya don a huta. In ba a sa Kerberos ba, wato tsarin tantance mai shiga, NFS yarda take yi da lambar mai amfani wadda kwamfuta ta faɗa mata, ba bincike. Takardun albashi da sakamakon ɗalibai ake ajiyewa a wurin. A haɗa rassan da VPN, wato keɓaɓɓen layi mai tsaro ta cikin intanet, ko irin WireGuard ne. Shugabannin ofisoshi kuma, kafin ku sa hannu a takardar sayen sabuwar rauta, ku tambayi mai haɗa muku wace sigar NFS yake amfani da ita.

Wassalam.

Wani mai haɗa kwamfutoci,
Birnin Kebbi