Takardar Koke Daga Mazauna Wani Tsibiri a Yankin Darak

Zuwa ga Mai Girma Prefe, shugaban lardin Logone da Chari, Kusiri, Kamaru
Ta hannun Su-Prefe, shugaban gundumar Darak

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da ma'aikata. Mu ne mazauna ɗaya daga cikin ƙananan tsibiran da ke bayan Darak a Tafkin Chadi: Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko da Musgum. Mun zauna bayan sallar Juma'a, maza a ƙofar masallaci, mata a wurin banda, muka amince a rubuta wannan takarda da Hausa, tunda da ita ake ciniki a bakin ruwa. Fassarar Faransanci tana haɗe.

Yallaɓai ya fi mu sanin tarihin wurin a takarda, amma bari mu faɗe shi yadda ya same mu. A shekarun 1960 tafkin nan ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, tudu ya fito inda a da ake jefa taru. Iyayenmu suka biyo tarwaɗa da ƙarfasa, wasu daga Baga, wasu daga Hadeja da Sakkwato, suka kafa bukkoki inda ƙasa ta bushe. Daga 1987 tutar Najeriya ce a Darak. Ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke Hague ta ce ƙasar ta Kamaru ce, a Disamba 2003 kuma Najeriya ta janye. Wasu maƙwabtanmu suka kwashe komatsai suka tafi. Mu muka zauna, don a nan muka binne iyaye, a nan aka yanke cibiyar 'ya'yanmu. Ba mu ƙetare iyaka ba, ita ce ta zo ta ƙetare mu muna zaune, kuma ba mu yi gardama da hukuncin ba. Muna biyan abin da hukuma ta ɗora, muna tsayawa idan an ɗaga tuta.

Babban kukanmu shi ne takardar haihuwa. A tsibirin nan ungozoma ke karɓar haihuwa, cikin ɗaki. Kafin maijego ta gama wanka, kafin uba ya tara kuɗin jirgi zuwa inda ake rajista, wa'adin da doka ta yanka ya wuce. Idan ya wuce kuwa, sai kotu. Kotu tana tudu. Mutum zai bar komarsa kwana da kwanaki, ya biya wa kansa da shaidu kuɗin jirgi da na mota da na makwanci, wataƙila kuma a ce ya dawo wani mako. Masunci da ke ci daga kamun yau ba zai iya wannan sau bakwai don 'ya'ya bakwai ba. Haka aka tara yara har suka zama iyaye, su ma ba su da ita, 'ya'yansu kuma ba a iya yi musu tunda uban ba shi da katin ɗan ƙasa.

Abin yana fara cizo ne a makaranta. Yaro zai yi shekara shida yana zama a kan tabarma, ya iya Faransanci har ya riƙa karanta mana takardun hukuma, ranar rubuta sunayen masu jarrabawar CEP ta kammala firamare sai a tambayi takardar haihuwa. Daga nan ya koma kwalekwale. 'Yan mata kuwa ba a ma jira a kai nan. Iyaye suna gani, shi ya sa idan malami ya zo neman sababbin ɗalibai sai su ce masa, na bara ina suka kai?

Sannan ga tsaro, wanda ya mayar da rashin kati abin tsoro. Ba mu manta da harin da Boko Haram ta kai Darak a watan Yuni 2019 ba, inda sojoji da farar hula suka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Mun san dalilin da ya sa ake tare jirage ana bincike, ba mu kuma ce a daina ba. Amma saurayin da aka haifa a nan, in an tare shi a kan ruwa aka ce ya nuna kati bai da shi, shi ke nan ya zama abin zargi. In ya yi sa'a, kifin ranar ko kuɗinsa ne zai fanshe shi. In ya leƙa ɓangaren Najeriya kai banda, can ma baƙo ne. Da dare kuma mutanen daji ba sa tambayar kati, haraji suke karɓa, wanda ya ƙi ya rasa jirgi, wani lokaci har da rai. Yallaɓai, yaron da hukuma ba ta rubuta sunansa ba, waɗancan suna sane da shi, kuma sun san bai da inda zai kai ƙara. Wannan ne ke hana dattawanmu barci.

Sauran matsalolin a gajarce za mu faɗe su, ba don ƙanana ba ne. Ruwa ya kewaye mu, amma wanda muke sha shi ne wanda ake wanki da wanke kifi a ciki, duk ambaliya kuma sai amai da gudawa sun ɗauki yara. Famfon da aka taɓa haƙa mana ya lalace, ba wanda ya iya gyaransa a nan. Mace idan naƙuda ta yi gardama da dare sai a jira gari ya waye, saboda ba a tafiya a ruwa cikin duhu, kuma akwai waɗanda suka cika a cikin jirgi, ciyawa ta toshe hanya, ana turawa da gora. Man da injinanmu ke sha zuwa-zuwa ne, wato wanda ake shigowa da shi ta bayan fage daga Najeriya. Tun da aka cire tallafin mai a can a 2023 kuɗin jirgi ya tashi, ga shi yawancin bandarmu da naira ake saye, mu kuma magani da kuɗin makaranta da sefa muke biya.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, shi ne a kawo mana kotun tafi-da-gidanka, irin wadda muke jin ana yi a wasu garuruwan lardin nan, alƙali da magatakarda da jami'in rajista su zo su zauna, a yi wa yara da manya takarda a wuri ɗaya. In zuwa tsibirinmu zai yi wuya, a yi a Darak, a ba mu ranaku tabbatattu da rakiyar sojoji, mu za mu kwaso mutanenmu. Bayan haka a ba Bulama da limami littafin da za su riƙa rubuta kowace haihuwa, wani ma'aikaci ya zo duk wata ya ɗauka, kada marasa takarda su sake taruwa. Muna kuma roƙon a turo mai gyaran famfo, a kuma yi mana hanyar da za mu sanar da jami'an tsaro idan larurar haihuwa ta taso da dare.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da tafki ke cike, jirgi mai inji yana isowa har bakin kasuwa. Masauki da abinci da jirage biyu suna wuyanmu. Mun riga mun fara rubuta sunayen marasa takarda gida gida, da sunan ungozomar da ta karɓi kowane yaro, don shaida kada ta yi wuya ranar da za a zo.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya ba ƙasa lafiya.

A madadin jama'a:
Bulama
Sarkin Ruwa
Limamin Juma'a
Shugabar mata masu banda
Wakilin samari

Waɗanda ba su iya sa hannu ba sun dangwala yatsa a shafukan da ke biye.