Lambar Mersenne ta 52: Gyara Kan Wani Kuskure Da Ke Yawo A Azuzuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili kan lambar firayim mafi girma da aka sani, wato lambar da babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Luke Durant ne ya gano ta a Oktoban 2024 ta hanyar GIMPS, shirin masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta: a jera 2 har guda 136,279,841, a ninka su, a debe 1. Lambobin da ake samu ta wannan hanya su ake kira lambobin Mersenne, kuma ita ce ta 52 a jerin waɗanda aka san firayim ne a cikinsu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ɗalibai da yawa a nan Jos, har da masu shirin WAEC, sun ɗauka duk lokacin da adadin biyun ya zama firayim, to sakamakon ma firayim ne. Ba haka ba ne. Da biyu guda 11 ana samun 2047, wanda 23 sau 89 ne.

Gwajin Lucas da Lehmer ne ke raba gardama, kuma ga ƙananan lambobi allo da alli sun ishe shi. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a debe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura kawai. A maimaita sau adadin biyun ban da biyu; idan saura na ƙarshe sifili ne, lambar firayim ce, in ba haka ba, ba firayim ba ce. Ɗauki 31, mai biyu guda 5, zagaye uku ke nan: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194, sauranta 8, 8 ta ba da 62, saura sifili. Firayim ce. Ita kuwa 2047, bayan zagaye tara a 1736 take tsayawa, asirinta ya tonu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mantawa da ɗaukar saura a kowane zagaye. Lambar sai ta kumbura: 37,634, sai 1,416,317,954, ta gaba kuma alƙaluma 19 ce. Manhajar Excel alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa daidai, ragowar ya cike da sifili bai ce uffan ba, ɗalibi ya yi ta aiki da amsar banza.

Ƙidayar alƙaluman lambar da Durant ya gano ma da tarko. Ana ninka 136,279,841 da logarizim ɗin 2, a yar da ɓurɓushin bayan ɗigo, a ƙara 1. Mai amfani da 0.30103 zai samu 41,024,321, ya zarce da ɗaya. Sai da 0.30102999566 ake samun na gaskiya, 41,024,320. Ɗan gutsuren da aka raina, da aka ninka shi sau miliyan 136, ya haura rabin lamba.

Muna roƙon malamai su ware darasi guda su sa yara gwada 127 da hannu. Zagaye biyar ne.

Daga wasu malaman lissafi,
Tudun Wada, Jos.