Rahoton Ayyukan Shekara: Kiyaye Rai da Gyaran Gida Bayan Guguwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi.

Kwamitin zartarwa na gabatar muku da rahoton ayyukan bana. Inda muka fi zuba ƙarfi shi ne kwanakin da ke biyo bayan guguwa, saboda abin da zagayen gidaje ya nuna mana. Lokacin da iska ke ɓarna kowa na lafe a ɗaki. Da ta kwanta sai a fito da hanzari, wannan ya hau rufi, wancan ya tayar da janareto, yara su faɗa ruwa, kuma a nan ne raunuka da yawa ke samun mutane.

Horo kan wuta da janareto

Wannan ne ya fi cin lokacinmu, kuma bai ci a banza ba. Mun koya wa masu sa kai cewa duk wayar lantarki da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwa gaba ɗaya tana cikin duhu. A ba ta tazarar mita 10 aƙalla, haka duk ruwa ko shingen ƙarfen da take taɓawa. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita ya haɗe ƙafafu ya riƙa jan su a ƙasa har ya yi nisa, domin dogon taku na sa wutar da ta bazu a ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Idan kan mota ta faɗo, a zauna ciki har ma'aikatan wuta su iso, sai fa in motar ta kama da wuta.

Batun janareto kuwa mun maimaita shi har wasu sun ƙosa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce gajiya ce, ya kwanta, daga nan ba tashi. Wurin janareto waje ne, mita 6 aƙalla daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin na kallon nesa da gida. Gareji ko baranda ba waje ba ne, ko da an wangale ƙofa. Uzurin da muka fi ji shi ne tsoron ɓarawo da tsoron ruwa, kuma maganinsu sarƙa da kwaɗo da 'yar rumfa mai buɗaɗɗun gefuna. Kada a zuba mai sai injin ya huce. Kada kuma a jona shi da wayarin gida in babu makunnin sauya layi, don wutar na komawa kan babban layi ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke.

Gidan da ruwa ya kai soket, a kashe babban makunni idan za a iya isa gare shi a tsaye kan busasshen wuri. In ba za a iya ba a bar wa mai gyaran wuta. Wanda ya ji warin gas kada ya kyasta ashana ko ya taɓa makunnin fitila. Ya buɗe tagogi, ya fitar da kowa.

Ruwan sha da firji

Mun raba wa gidaje takardar ma'auni don a manna kusa da wurin ajiye ruwa. Tafasawa ta fi komai: ruwa ya yi ta ɓararraka na cikakken minti 1. In babu hali, ɗigo 2 na bilic (ruwan wankin da ke sa tufafi fari) marar ƙamshi, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a kowace lita 1, a jira minti 30. Ruwa mai gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a ninka ɗigon. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ruwanta sai an yashe an tsabtace.

Firji na riƙe sanyi kusan awa 4 bayan ɗaukewar wuta muddin ba a buɗe shi ba. Firiza a cike tana kai awa 48, mai rabi awa 24. Abin da ya wuce haka a zubar, kada a dogara da hanci.

Rufi, bango da busar da ɗaki

Tawagar duba gidaje ta bi tsari ɗaya: a zagaya gini daga waje kafin kowa ya shiga. Ana neman sabuwar tsaga, bangon da ya karkace, da ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu ta cije, alamar ginin ya motsa. Silin da ya yi tumbi ruwa ne a cikinsa, kada a tsaya ƙarƙashi. Bangon da gindinsa ya sha ruwa yana iya zubewa bayan kwanaki, rana na tsaka da haskawa.

Tsani a kafa shi da tazarar mita 1 daga bango ga kowace mita 4 ta tsawo, kansa ya zarce bakin rufi da mita 1, wani na riƙe da shi. Tamfol kuma dole ya haura ƙololuwar rufi ya sauka ta ɗaya gefen, a naɗe bakinsa a jikin katako a buga ƙusa. Tamfol ɗin da aka danne da duwatsu iska ta gaba ce ke ɗauke shi, duwatsun su sauko kan mutane.

Fumfuna na fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa muka sa fitar da jiƙaƙƙun kaya gaba da fenti da ado. Katifar da ta sha ruwan ambaliya a haƙura da ita. Ƙasa da bango a wanke da sabulu tukuna, sannan a bi da bilic, kofi 1 cikin lita 19 ta ruwa, tagogi a buɗe, da safar hannu da takalmin roba. Ba a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya. Wanda ƙusa ko kwanon rufi ya yanka ya wanke raunin ya je asibiti a duba batun allurar tetanas, musamman in ta ƙarshe ta haura shekara 5.

Inda muka gaza

Gidaje da dama sun share ɓarna kafin su ɗauki hoto, sai neman tallafi ko kuɗin inshora ya zo da wahala. Laifinmu ne, ba mu faɗa da wuri ba. Ba mu kuma da cikakken jerin tsofaffi da marasa lafiya masu buƙatar wuta don na'urar jinya ko sanyaya magani. Muna roƙon kowane shugaban shiyya ya kawo wa sakatare jerin nasa kafin taro na gaba, tare da lissafin tamfol da tsani da tocilan da ke hannunsa.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.