Tarihin Huankawa na Peru da halin da harshensu yake ciki

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata al'umma da ba kasafai ake jin sunanta ba, domin duk sa'ad da aka ambaci ƙasar Peru, daular Inka da birnin Kusko ne kawai suke zuwa bakin mutane, kamar babu kowa a tsaunukan Andis sai su.

Huankawa suna zaune ne a kwarin kogin Mantaro da ke yankin Junín, a tsakiyar Peru, kuma babban birninsu na yau, Huancayo, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 3,200. Kafin zuwan Inkawa suna da sarakunansu da garuruwansu masu ganuwar dutse a kan duwatsu, mafi shahara a ciki shi ne Tunanmarca, wanda kufansa yana nan har yanzu. Wajajen shekarar 1460, a zamanin Sarki Pachacuti, rundunar Inka ta ci su da yaƙi, aka sauko da su daga duwatsu zuwa kwari, aka raba ƙasarsu gida uku domin sauƙin mulki da karɓar aikin gayya na dole.

Wannan ciwon ne ya sa da Sifaniyawa suka iso ƙarƙashin Francisco Pizarro, sarakunan Huanka suka mara musu baya a kan Inkawa, har garinsu Jauja ya zama hedikwatar farko ta Sifaniyawa a 1534, kafin a kafa Lima a 1535. Akwai masu kiran wannan cin amana, amma ni ina ganin an yi musu rashin adalci, domin wanda ya ƙwace musu ƙasa shekara saba'in kafin nan ba ya bin su bashin biyayya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka riƙe lissafi. Ba su da takarda da alƙalami, sai igiyoyi masu ƙulle-ƙulle da ake kira kipu, inda kowace igiya take wakiltar wani kaya, kowane ƙulli kuma adadi. A 1558 da 1561 sarakunansu suka je gaban kotun Sifaniyawa a Lima ɗauke da waɗannan igiyoyi, masu karanta su suna bin ƙulli ɗaya bayan ɗaya da yatsa, magatakarda yana rubutawa: masara, dankali, dabbobin llama, tufafi, takalma, itacen wuta, da maza da matan da aka tafi da su dako. Sun ma ware abin da suka bayar da hannunsu daga abin da sojoji suka wawashe. Ɗaya daga cikin 'ya'yan sarautarsu, Felipe Guacrapaucar, ya kai kukan har Sifaniya, Sarki Filibus na Biyu ya ba shi tambarin girmamawa a 1564. Tambarin bai hana a tura talakawansu aikin tilas a ma'adinan zaiba na Huancavelica ba, inda gubar ta kashe mutane masu yawa.

Harshensu kuwa ana lissafa shi cikin Kecuwa, amma a nan ne matsalar take, domin Kecuwa dangin harsuna ne, ba harshe guda ba. Na Huanka yana cikin reshen tsakiya, na Kusko yana cikin reshen kudu, kuma bambancin ya kai yadda ba sa fahimtar juna da sauƙi. Alal misali, inda mutumin Kusko yake furta r, Bahuanke yakan furta l. Gwamnatin Janar Velasco Alvarado ta ba Kecuwa matsayin harshen hukuma a 1975, kuma a 1976 Rodolfo Cerrón-Palomino, masanin harshe ɗan asalin Huancayo, ya wallafa nahawu da ƙamus na harshen mutanensa. Duk da haka, martaba ta ci gaba da tafiya wajen Kecuwan Kusko, kasuwa da makaranta suka zama na Sifaniyanci, iyaye da yawa kuma suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen gida don gudun a raina su. A yau dattawan ƙauye ne suka fi jin sa.

Dalilin damuwata bai wuce abin da nake gani a nan Jos ba. Jihar Filato tana da harsuna sama da 40, amma a kasuwar Terminus za ka ji uwa tana yi wa ɗanta magana da Birom ko Ngas, shi kuwa yana mayar mata da Hausa, ba don rashin kunya ba, sai don iyakar abin da bakinsa zai iya ke nan. Mu Hausawa muna kuka da yadda Turanci yake danne harshenmu, kuma kukan gaskiya ne, sai dai ya kamata mu yarda cewa a wurin maƙwabtanmu harshenmu ne babba mai inuwa, kamar yadda Kecuwan Kusko yake a wurin Huankawa.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida mai farin jini ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda masu jin Birom da Ngas da Tarok da Izere za su kawo tatsuniyoyi da tarihin garuruwansu da harshensu, a buga fassarar Hausa a gefe.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jos, Jihar Filato