Amsa Ga Ɗana Da Ya Tambaye Ni Dalilin Son Fim Ɗin Baƙi Da Fari

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar Lahadi, a taron matasan Zango da aka yi a Nima, unguwarmu da ke Ankara babban birnin Gana, ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Baba, me ya sa duk Asabar kake tara mu kana haska mana finafinan baƙi da fari, alhali wayar aljihun kowa launi take nunawa?" Kafin in buɗe baki aka kira Magariba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Ka san ni tela ne. Shekara arba'in da ɗoriya da launi nake cin abinci, saboda haka kada ka zaci ƙinsa nake yi. Amma keke ya koya mini cewa launi yana rufa wa ɗinki asiri. Atamfa mai yawan zane, ko ɗinki ya karkace, mai ita sai ta yi mako ba ta lura ba. Farin yadi kuwa kowane zare a fili yake.

Haka aikin mai kyamara a wancan zamani. Jar riga da koren bango duk toka-toka za su iya fitowa, su haɗe. Dole ya raba su da fitila: ya sa haske ta bayan kai don gashi ya fita daga duhu, ya bar rabin fuska a inuwa idan zuciyar mutumin a rabe take. Kai mai kallo ba labule ko kujera da za su ɗauke maka hankali, sai idonka ya zauna a kan fuska. Kuma ka lura da fatarmu a irin wannan fim. In an iya haska ta, sheƙi take yi kamar shaddar da ta fito daga hannun masu bugu. Wallahi na daɗe ban ga fim mai launi da ya girmama baƙar fuska haka ba.

Ina yaro muna shiga silimar Duniya a nan Nima. Ba wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, amma muna gane mai kuka da mai yaudara tun kafin su yi magana. Charlie Chaplin ma a yawancin finafinansa ko uffan bai ce ba, ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga ɗan ƙabilar Ga a benci ɗaya, dariyarsu lokaci guda take tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, a da ba zaɓi ba ne. Talabijin ta fara aiki a Gana a 1965, ba ta samu launi ba sai 1985, kuma ranar da na fara ganin koren filin ƙwallo a akwati na yi murna kamar kowa. Akwai kuma tsofaffin finafinai da yawa da ba su da daɗin kallo ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na gani kwanan baya a Facebook. Wani ya ɗauki hoton daren da Kwame Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai, wayewar 6 ga Maris 1957, ya shafa masa launi da kwamfuta. Rigar saƙin Arewacin Gana da ke jikinsa ta koma wani shuɗi da na'ura ta ƙiyasta kawai. A na asali, fitila ce ke tsaga duhun dare ta faɗa kan fuskarsa da na abokan gwagwarmayarsa, kana ganin gumi, kana ganin idanu. Da aka shafa launin, sai na kama kaina ina kallon riga.

Asabar mai zuwa zan haska The Boy Kumasenu na 1952, labarin yaron ƙauyen masunta da ya gudo birni. Baturen Ingila ne, Sean Graham, ya shirya shi a zamanin mulkin mallaka, kuma akwai salon wa'azi a ciki da ba na so. Amma za ka ga Ankara kamar yadda kakanninka suka taka ta. Ka zo bayan Isha'i, ka kashe wayarka, ka zauna a layin gaba kusa da ni.

Babanka,
tela a Nima