Rahoton Ayyukan Shekarar 2023: Ajujuwan Koyon Turanci na Manya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyayenmu, shugabanni da sauran 'yan ƙungiya, kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada, kwamitin ilimin manya yana gabatar muku da bayanin abin da ya gudana a ajujuwan koyon Turanci daga Janairu zuwa Disambar 2023. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, kuma shi zai karanta shi daki-daki a babban taro. Wannan rahoto ya tsaya ne a kan aji kansa, wato yadda muka yi ƙoƙarin mayar da shi wurin da magidanci mai iyali da uwar 'ya'ya za su zauna su yi kuskure ba tare da mutuncinsu ya zube ba.

Yadda shekarar ta zo mana

Mun shiga shekarar da ajujuwa uku: na maza bayan sallar isha'i a makarantar Islamiyyar da aka ba mu aro, na mata tsakanin azahar da la'asar, sai na Asabar da Lahadi domin teloli, makanikai da direbobin A Daidaita Sahu waɗanda ranakun aiki ba sa ba su sarari. Canjin takardun naira da Babban Bankin Najeriya ya yi ya jefa kasuwannin Kano cikin ƙarancin tsabar kuɗi a watannin Fabrairu da Maris, har ta kai ɗan kasuwar da ya tsufa yana ciniki hannu da hannu a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya wayi gari yana miƙa wa yaron shagonsa waya domin ya karanta masa alat, ya gaya masa ko kuɗi sun shiga. Wannan ne ya sa masu neman rajista suka yi mana yawa a lokacin fiye da yadda muka saba gani. Sai dai kafin azumi ya kama a ƙarshen Maris, da dama daga cikin sababbin sun ɗauke ƙafa, kuma da muka bi su gida-gida muna tambaya, mafi yawansu ba wahalar darasi suka kawo mana ba.

Abin da ya kore su

Kunya ce ta kore su, kuma a wani wajen laifin namu ne. Wani dattijo mai sayar da yadi, wanda ya aurar da 'ya'ya har ya ga jikoki, ya tashi karanta wata jimla a allo sai ya furta harafin p kamar f. Malamin da ke ajin, matashi ne sa'ar ɗansa na uku, ya sa shi ya maimaita har sau huɗu a tsaye, yaran unguwa da suka leƙo ta taga kuwa suka tuntsire da dariya. Dattijon bai ce uffan ba. Ya zauna, ya ninke littafinsa ya sa a aljihun babbar riga, aka tashi ya yi sallama da kowa, daga ranar kuma ba a sake ganinsa ba sai da shugaban kwamiti da limamin unguwa suka je bikonsa har shago. Abin da ya faɗa musu shi ne, shi ba ya tsoron Turanci, amma yaran da suka yi masa dariya su ne masu durƙusawa su gaishe shi da safe.

Bayan wannan ne kwamiti ya zauna da malamai aka tsayar da wasu ƙa'idoji. An sa labule a tagogi, an kuma ɗora wa mutum guda alhakin korar 'yan kallo. An daina tayar da ɗalibi tsaye domin ya amsa tambaya, sai wanda ya nemi hakan da kansa. An janye bencina daga jeri irin na 'yan firamare aka mayar da su da'ira, ta yadda malami zai zauna tare da mutane kamar a majalisa. Malami ba ya kiran ɗalibi da gundarin sunansa. Alhaji yana nan a Alhajinsa, Malam a Malam, Hajiya, Baba da Iya kowa da girmansa. Idan mutum ya yi kuskure, malami yakan sake faɗin jimlar daidai cikin maganarsa ya wuce, gyara na musamman kuwa sai an tashi, a keɓe. Jan biro ma mun ajiye shi, domin wasu sun ce da shi suke tuna bulalar da ta raba su da makaranta tun suna yara.

Akwai kuma kalmar da muka hana amfani da ita a aji, wato jahili. Mun san cewa sunan yaƙi da jahilci yana da tarihi, tun daga gangamin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950 har zuwa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, kuma ba ma raina aikin da aka yi a ƙarƙashin wannan suna. Amma a ajinmu na dare akwai alaramman da ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, ga kuma 'yan kasuwar da ke yin lissafin dila-dilan kaya da ka kafin yaro ya gama latsa kalkuleta. Ranar farko da alaramman ya karɓi fensir, riƙon alƙalamin kara ya yi masa, ya kuma fara rubutu daga hannun dama na takarda. Malamin, wanda ya riga ya koyi darasi daga abin da ya faru, sai ya roƙe shi ya fara rubuta sunayen 'yan ajin da ajami a allo, shi kuma ya rubuta na boko a ƙarƙashin kowanne. A ganin kwamiti, babu darasin da ya kai wannan amfani a duk shekarar, domin daga ranar ne dattawan ajin suka saki jiki.

Hausa a cikin ajin Turanci

Mun daɗe muna muhawara da malamai a kan ko ya dace a yi Hausa a aji. Wasu daga cikinsu sun taso a makarantun da ake cin tarar wanda ya yi Hausa, don haka suna ganin hanyar ke nan. Kwamiti bai yarda ba. Babban mutum yana son ya san dalilin abu kafin ya haddace shi, kuma a matakin farko ba za a iya ba shi dalilin ba sai da harshensa. Matsayar da aka cimma ita ce, bayani da Hausa, gwaji da Turanci, sannan a riƙa rage Hausar a hankali yayin da ajin ke yin nisa.

Wannan ya buɗe mana wata ƙofa da ba mu yi zato ba. A makon farko na kowane sabon aji, malami yakan nemi ɗalibai su lissafo kalmomin da Hausa ta ara daga Turanci, sai ka ji ana jero tebur, burodi, bokiti, asibiti, direba, lauya, kotu, fursuna, sukundireba, har allo ya cika. Mutumin da ya shigo yana cewa bai san ko kalma ɗaya ba yakan fita da sanin cewa yana da jari a hannu. Daga nan ake nuna musu cewa Bahaushe yana cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, shi ya sa kalmar Turanci bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi a bakinmu, kuma Hausa ba ta bambanta p da f, ko v da b, saboda haka wanda ya gauraya su tsarin harshensa ya bi. Haka ma wanda ya kira mota da lamirin mace a Turanci, ai a Hausa mota mace ce. Da zarar an fahimci haka, sai kuskuren ya koma abin nazari, har ɗalibai kan kama junansu cikin raha.

Littattafan 'yan firamare masu hoton ƙwallo da kyanwa ma mun mayar da su kabad. Yanzu ɗalibai ne ke zuwa da abin karatu daga gida: saƙon banki a waya, takardar da ke cikin kwalin magani, rasit, takardar cike bayanan katin ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawar yara. Kafin a karanta saƙon banki a aji, malami yakan kwafe shi a allo ya canja lambobi da adadin kuɗi, saboda asirin aljihun mutum ba abin bajewa a faifai ba ne.

Ajin mata

Ajin mata ya fi kowanne ɗorewa, duk da cewa shi ya fi fama da cikas. Yawancinsu da goyo suke zuwa, kuma a farkon shekara kukan yara kan sa uwa ta fice tun ba a yi nisa ba, wata ma ta ji nauyin dawowa. Mun shimfiɗa tabarmi a ɗakin da ke kusa, matan kuma suka tsara karɓa-karɓa a tsakaninsu, kowace rana mutum biyu suna kula da yara, washegari a maimaita musu abin da ya wuce su. Malamarsu mace ce, wanda hakan ya sauƙaƙa samun izinin mazaje. Wata uwa mai sana'ar ƙosai ta zo da sakamakon jarrabawar ɗanta a ƙarshen zango, ta bi shi da yatsa layi-layi har ta kai inda malamin ajinsu ya rubuta cewa yaron yana yawan fashin zuwa makaranta, alhali shekara biyu ke nan yaron da kansa yake karanta mata takardar yana cewa an yaba masa. 'Yan ajin sun yi dariya, ita ma ta yi, washegari kuwa da kanta ta raka shi makaranta.

Inda muka gaza

An rufe ajujuwa a makonnin zaɓen 25 ga Fabrairu da na 18 ga Maris. A watan azumi kuwa mun yi kuskuren ci gaba da ajin dare a lokacin da jama'a ke tarawihi da tafsiri, ajin ya zama kufai, kuma ya kamata a ce mun hango hakan. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ya sa kuɗin mota ya gagari ɗaliban da ke zuwa daga nesa, ya kuma sa muka daina tayar da janareta. Fitilun sola da wasu 'yan ƙungiya suka ba da gudummawa su suka ceci ajin dare, Allah ya saka musu da alheri. Amma waɗanda nisa ya raba mu da su, har yanzu ba mu samo musu mafita ba, in ban da saƙonnin murya da malamai ke tura wa masu babbar waya ta WhatsApp, alhali da yawa ƙaramar waya gare su.

Jarrabawar da muka shirya a tsakiyar shekara ma ba ta yi kyau ba. Da jin sunanta wasu suka ƙi zuwa mako guda cur. A zango na ƙarshe mun sauya salo: malami yakan zauna da ɗalibi su biyu, ya ba shi takarda ya cike, ko ya karanta kwalin magani ya faɗi sau nawa ake sha a rana, ko su yi cinikin wasa da Turanci kamar da baƙon da ya zo sayen kaya daga Kudu. Haka kuma bikin Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga Satumba, mun yi shi a cikin gida ba tare da gayyatar baƙi ba, bisa roƙon ɗaliban da ba sa son a ɗauki hotonsu a yaɗa.

Malamanmu duka 'yan sa-kai ne, kuma yawancinsu horon koyar da yara suka samu. Zaman da muke yi da su sau ɗaya a wata ya taimaka, amma biyu daga cikinsu sun bar mu saboda neman abin kai wa bakin salati, kuma duk wanda ya tafi yakan tafi da sabon da ɗalibai suka yi da shi, sabon da sai an ɗauki watanni kafin a sake gina irinsa.

Abubuwan da ke gaban babban taro

Kwamiti yana neman amincewarku a ware wa malamai ɗan alawus na wata-wata, ko da na kuɗin mota ne. Muna kuma neman izinin buɗe ƙaramin aji a unguwar da mafi yawan waɗanda suka daina zuwa suke, idan aka samu wanda zai ba da aron zaure, tare da mayar da ajin dare zuwa hantsi a watan azumi mai zuwa. Akwai buƙatar tabarau ga dattawan da muka lura suna kai takarda har bakin hanci kafin su ga rubutu, domin wasu da muka ɗauka darasi ne ke ba su wuya, ashe ido ne. Duk ɗan ƙungiyar da yake da hanyar samun gwajin ido cikin rahusa, muna roƙon ya ga sakatare kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Kwamitin Ilimin Manya, a madadin kwamiti